Ranar da Muka Ɗora Haruna a Makara

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga ka, ba zai kwashe ranar da muka ɗora Haruna a makara a ƙasar Hawandawaki ba. Ku da kuka zo koyon ɗaukar sauti duk kun ga fim ɗin, wasunku har sun haddace maganganun cikinsa, kun kuma ji irin yabon da masu sharhi suka yi masa a Yamai da ƙasashen waje. Abin da ba ku sani ba shi ne saura ƙiris a ce babu shi gaba ɗaya. Ku aje wayoyin nan ku saurara, ba kullum nake da bakin magana ba.

A lokacin na ɗan jima da barin aikin gidan rediyo a Tasawa, ina zaune ina gyara wa mutane lasifikar biki, sai Madam Rakiya ta zo nemana. Ita ce mai ba da umarni, ƴar Maraɗi ce, kuma ita ta rubuta labarin da hannunta. Ga wanda bai san aikinmu ba, mai ba da umarni shi ne liman a wurin ɗauka. Idan ya ce a fara, an fara, kuma ba mai motsi ko tari sai ya ce "kupe", wato a yanke. Ƙarƙashinta akwai mai kamara, sai ni mai sauti, sai mai kula da wurare da abinci, sai ƴan wasa. Mu duka mota guda ke kwashe mu, ita ma motar sai an tura ta da safe. Kamarar aro ce daga wani abokin Madam a Yamai, da sharaɗin ta koma hannunsa a ƙarshen watan Oktoba don yana da nasa aiki. Abincinmu shinkafa da wake ne, ranar da aka ga nama a kwano sai mu tambaya ko wani ne ya yi haihuwa.

Labarin fim ɗin kun san shi, amma bari in maimaita don ku gane inda gizo ke saƙar. Wani saurayi mai kai shanu kasuwa aka shaƙe da igiya a hanyarsa ta komawa gida. Kawunsa, wanda shi ya sa aka yi, ya ce maciji ne ya sare shi, ya matsa a yi sauri a rufe shi kafin rana ta yi zafi. Ana ɗauke da gawa an fito bayan gari sai ajudan na jandarma ya tare hanya, ya sa aka sauke makara, ya buɗe fuskar mamacin, ya ga shatar igiya a wuya. Daga wannan buɗe fuska duk sauran labarin ya tashi. Idan babu ita, sauran abin da muka ɗauka tarkace ne kawai.

Wanda ya fito a saurayin shi ne Haruna, mai gyaran moto, wato babur, a bakin tasha a Tasawa. Tun ina rediyo nake saka shi a wasan kwaikwayo, ni na kai wa Madam shi. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya musu, kuma Allah ya ba shi fuskar da kamara ke so. Kafin ranar da nake ba ku labari mun riga mun ɗauki duk wuraren da yake da rai: a kasuwar dabbobi, a gidansu, a hanya. Saura gawarsa kaɗai.

Mun zaɓi wani ƙauye a ƙasar Hawandawaki saboda wata doguwar hanya ta rairayi da ta ratsa gonaki har zuwa gindin wata tsamiya. Mun bi ƙa'ida yadda ya kamata. Mun karɓi izini a meri, wato ofishin magajin gari, mun gaida maigari, mun zauna da liman, ya ce ba laifi muddin ba za mu taɓa makarar masallaci ba, ba kuma za mu yi sallar gawa da wasa ba. Kafinta ya haɗa mana tamu makarar. Da yamma mai shela ya zaga gari ya sanar cewa gobe baƙi za su yi wasan gawa a hanyar yamma, kowa ya kwantar da hankalinsa. Mun ɗauka mun toshe kowace kafa.

Abin da ba wanda ya tuna shi ne lokacin kaka ne. Gonakin nan cike suke da ƴan ƙwadago da suka zo girbin hatsi daga wasu ƙauyuka, a gona suke kwana, ba su shiga gari balle su ji shela.

Da hantsi muka shirya ɗaukar nesa. Ita ɗaukar nesa, kamara na can gefe, ana ganin mutane ƙanana cikin fili mai faɗi. Muka ɗora kamarar a kan amalanke bayan wani rumbu, nesa sosai da hanya, ni ma ina nan gefenta zaune da kaske, wato abin sauraren sauti, a kunne. Tunda sandar mikro ba za ta kai ba, sai na liƙa ƙaramin mikro marar waya a ƙirjin Haruna, ƙarƙashin likkafani, don in samu takun sawu da ƙarar makara. Aka naɗe shi, aka ɗaure kai da ƙafa, aka ɗora. Wayoyin kowa a kashe suke cikin wata roba a mota, wannan dokar Madam ce, kuma a garin ma babu rezo, waya ba ta shiga sai an hau wani tudu can gabas. Ta ɗaga hannu, ƴan wasa suka ɗauki makara suka kamo hanya.

Da farko komai lafiya. Ina jin takun sawu, ina jin numfashin Haruna a hankali. Can sai na ji sawun ya ƙaru. Na ɗaga kai na ga mutane suna fitowa daga cikin karan hatsi, suna yar da magirbi, suna kakkaɓe hannu a riga, suna shiga sahu a bayan makara. Ba wanda ya kira su. Haka aka tashe mu duka: ka ga gawa ta wuce, ka bar abin da kake yi ka raka ta, ko ba ka san mai ita ba. Madam tana kallon ƙaramin gilashin kamara, ta ga taro ya cika ya yi kyau, ta ɗauka mutanen gari ne da suka ji shela suka zo taya mu. Ta ce wa mai kamara a hankali, "Kar ka tsaya, ci gaba."

Sai wani daga cikin baƙin ya matso ya sa kafaɗa a makara don ya samu lada. Ɗan wasanmu da ke riƙe da wannan kusurwa, shi ma ɗan Musulmi ne da aka yi wa tarbiyya, bai san lokacin da ya saki ya ja baya ba. Na biyu ma haka. Kafin ka ce kwabo, duk masu ɗauke da Haruna ba namu ba ne.

A kunnena na ji wata murya ta ce, "Wane ne Allah ya yi wa cikawa?"

Ɗan wasanmu ya rasa yadda zai yi, ga doka ta hana magana, ga dattijo ya yi tambaya. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Haruna ne, mai gyaran moto na Tasawa, amma dai..."

"Haruna na bakin tasha? Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekaranjiya ya canza mini taya."

Na fizge kaske na ce, "Madam, ki yanke. Mutanen nan ba su san wasa ba ne." Ta dube ni, ta dubi hanya, ta yi ihun "kupe", amma wa zai ji ta daga wannan nisa? Muka zuba da gudu cikin rairayi, ni da tumbina da wayoyi na jan ƙasa. Kafin mu isa, Haruna da kansa ya yi magana daga cikin likkafani, ya ce, "Don Allah ku sauke ni, da raina." Ku daina dariya, ba gudu suka yi ba. Wani dattijo da ke riƙe da wajen kai ya firgita, amma bai saki ba har aka aje makarar ƙasa a hankali. Ya ce ko mai rai ne ko matacce, ba a yar da mutum.

Mun sha faɗa, kuma mun cancanta. Maigari ya zo ya ba su haƙuri, Madam ta durƙusa a gaban dattawan, aka kawo ruwa aka sha, har wasu suka fara murmushi. Sai na tambaya ina mutumin da ya ce an canza masa taya. Aka ce ai tun da ya ji suna ya fita daga sahu, ya hau motonsa ya nufi tudun gabas don ya sanar da mutanen tasha su zo jana'iza. Magana zarar bunu ce. Ta riga ta fita.

Muka kwance Haruna, ya ɗauki wayarsa, na goya shi a moton maigari muka hau tudun. Yana kunna ta ta fara ruri. Wanda ya kira na farko da ya ji muryarsa sai ya kashe. Daga tasha labari ya je wa ƙanensa Bashir a ƙauyensu, can arewa a ƙasar Isawane, ya kuma shiga gida. Da Haruna ya samu Bashir, na ji yaron yana kuka yana dariya lokaci guda. Haruna ya ce a kai wa Inna waya. Muka jira. Bashir ya dawo ya ce ta ƙi karɓa.

Kun san yadda muke yi idan an yi rasuwa. Ba a faɗa wa uwa gaskiya kai tsaye. Sai a ce jikin ya yi tsanani, sai a ce an kai shi likita, sai a ce da sauƙi, alhali an riga an rufe shi. Ita ma ta sha yi wa wasu haka. Da aka ce mata ga shi a waya, sai ta ɗauka lallashi ne, an samo mai irin muryarsa. Bashir ya ce abin da ta faɗa kawai shi ne, "Ba ni magana da murya. In yana da rai, shi zo." Ya ƙara da cewa tun da ta ji ba ta sha ko ruwa ba, ga ta da hawan jini.

Madam ba ta yi dogon tunani ba. Ta ce a bar kaya a zauren maigari, a tura mota. Muka shiga ni da ita da Haruna da direba. Daga Hawandawaki sai ka hau zuwa Tasawa, ka wuce, ka bar kwalta ka shiga rairayi, gonaki na raguwa, garken awaki da raƙuma na ƙaruwa. Sau biyu muna fita muna tura mota. Haruna na gaba, har yanzu da shatar igiyar da mai kwalliya ta zana masa a wuya, sai da na miƙa masa tsumma da ruwan buta na ce ya goge kafin uwarsa ta gani.

Bayan la'asar muka isa. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza na zaune. Bashir ya gaya musu ƙarya ce, amma tunda uwar gida ba ta yarda ba, ba wanda ya iya tashi. Da Haruna ya fito daga mota sai salati ya tashi ko'ina, tsofaffi na shafa kansa, mata na leƙowa ta kan darni. Muka shiga cikin gida a bayansa.

Sunanta Inna Hajo. Ƴar ƙaramar tsohuwa ce, baƙa, mai tsagen Katsinawa a kumatu. Ta fito daga ɗaki ta tsaya a bakin ƙofa tana dafe da bango. Haruna ya durƙusa nesa kaɗan da ita, kansa a ƙasa. Na ɗauka za ta rungume shi. Ta dube shi sau ɗaya, daga kai har ƙafa, sai ta kawar da kai ta ce wa Bashir, "A ba baƙi ruwa." Madam ta dube ni da mamaki. Na raɗa mata cewa Haruna ɗan fari ne. A gidajen da suka riƙe alkunya, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kakarsa ce ta raine shi. Ita Inna Hajo idan za ta ambace shi sai ta ce "yayan Bashir".

Da muka sha ruwa ta zauna a tabarma, ta fuskance ni, tunda ni ne mai furfura a cikinmu.

"Malam, kai ne babbansu?"

Na ce, "A shekaru dai, Inna. Aikin na wannan baiwar Allah ne."

"To ku ji da kyau, kai da ita. Yayan Bashir ba shi sake hawa makara sai ranar da Mai shi ya kira shi. Na gama magana."

Na saci kallon Haruna. Bai ɗago ba, kuma na san shi, ko duniya za ta taru ba zai tsallake wannan magana ba. Na saci kallon Madam. Ita ta san abin da wannan ke nufi fiye da kowa: kwanakin kamara sun kusa ƙarewa, ba halin sake ɗaukar rabin fim da wata fuska, kuma shekarun da ta yi tana bin mutane tana roƙo sun tafi a banza ke nan. Na zaci za ta fara bayani irin na ƴan lakwal, wato ƴan boko. Wallahi ba ta yi ba. Ta matsa ta durƙusa ta ce, "Mun ji, Inna. Mu muka jawo miki wannan tashin hankali, ki yafe mana." Ta tashi ta fita. Na same ta a bayan mota tana share ido da gefen mayafi, na ce mata Allah ya sa haka ne mafi alheri.

A garin muka kwana, don direba ya ce ba zai shiga rairayin nan da duhu ba. Da safe muna shirin tafiya Bashir ya zo ya ce Inna na kirana, ni kaɗai. Na same ta tana tsince wake a faifai. Muka gaisa, na tambayi jiki, ta ce da sauƙi. Ba ta dube ni ba ta ce, "Wai shi wasan nan, mi aka yi a ciki har sai an naɗe mutum?"

Na ba ta labarin kamar yadda na ba ku, ban ƙara gishiri ba. Ta daina tsintar wake.

"Shi yaron yana da uwa a ciki?"

"Yana da ita, Inna."

"Ta san kashe shi aka yi?"

"Ba ta sani ba. Maciji aka ce mata. Sai da jandarman ya buɗe fuskar aka gane."

"In bai buɗe ba fa?"

"Sai a rufe shi haka nan, ita kuma ta zauna da abin da aka gaya mata."

Can ta ce, "Jiya da aka ce mini ya tahi, duk wanda na tambaya mi ya same shi sai ya sunkuyar da kai. Wannan ya ce mota, wancan ya ce ciwon ciki. Mutuwa ta Allah ce, Malam, na rufe ɗiya biyu ban ce komi ba. Amma a ce ɗanka ya tahi ba ka san ta yaya ba, wannan ban taɓa ɗanɗana irinsa ba sai jiya." Ta ture faifan gefe. "Ku je ku buɗe mata fuskar ɗanta. Amma a gabana za ku kwantar da shi, a gabana kuma zai tashi. Kuma ku bi gona-gona ku gaya wa bayin Allah, kar ku sake ɗaga wa wata uwa hankali."

Ban san lokacin da na ce "Allah ya saka da alheri" har sau nawa ba. Na fita da sauri har ina tuntuɓe da turmi.

Muka koma da ita a gaban mota, Bashir na riƙe mata da buta da maganinta. Wannan karon mai shela a moto ya zaga, gona-gona, har rugar Fulani sai da ya shiga. Ƴan ƙwadagon da suka yi mana faɗa shekaranjiya su suka dawo suka cika mana sahu, dattijon nan ma ya ce shi zai riƙe wajen kai tunda ya saba. Ɗaukar nesa ta tafi lami lafiya. Saura ta kusa, wato buɗe fuska.

A ɗaukar kusa kamara na dab da makara, ni kuma ina ƴan taku kaɗan a baya. Aka shimfiɗa wa Inna Hajo tabarma kusa da ni a inuwar tsamiya. Da aka fara naɗe Haruna na ga ta kafa wa likkafanin ido, ta daina jan carbi. Sai dabara ta zo mini. Na cire kaske na ce, "Inna, ki sa wannan a kunne." Ta ce mi ne ne. Na ce ta dai saurara. Na ɗora mata a kan kallabi, ni na sa ƴar ƙaramar waya ta kunne ɗaya. Ta ɗan zabura, sai ta natsu. Numfashin Haruna take ji ta mikron da ke ƙirjinsa, yana shiga yana fita, har da bugun ƙirjinsa can ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Shi ne. Amma idan aka buɗe fuskar zai riƙe numfashi, don gawa ba ta numfashi. Za ki ji shiru na ɗan lokaci. Kar ki tsorata, kuma don Allah kar ki yi magana sai Madam ta ce kupe. Rana ta kusa juyawa, ba lalle mu samu damar sakewa ba."

Ta ce, "Na ji."

Madam ta ba da umarni. Ajudan ya tare hanya, aka sauke makara, kawu ya yi ta masifarsa, ajudan ya durƙusa ya kwance ɗaurin kai. Yana janye ƙyallen, numfashin ya ɗauke a kunnena, na san ya ɗauke a nata. Madam tana son wannan wuri ya yi tsawo: ajudan ya dubi fuska, ya juya wuyan a hankali, ya ɗago ya dubi kawu, ba mai cewa uffan. Shirun nan da masu sharhi suka yi ta yabo ke nan. Ni ban ga komai a ciki ba ranar, tsohuwar nake kallo. Ta damƙe gefen rigata har na ji farcenta a cinyata. Leɓenta na motsi ba sauti. Jijiyar wuyanta ta tashi. Na ce a raina yanzu za ta yi magana, kuma wallahi da ta yi ba zan ga laifinta ba. Ba ta yi ba. Ta riƙe har Madam ta ce, "Kupe."

Ɗan wasan kirki ba ya motsi da zarar an yanke, yakan ɗan ƙara jira ko mai kamara na buƙata. Haruna ya ci gaba da kwanciya, ido rufe, bai saki numfashin ba. A nan haƙurinta ya ƙare. Ba ta ɗaga murya sosai ba, amma wurin shiru yake, kowa ya ji.

"Haruna. Tashi hakanan."

Ya buɗe ido. Ya yunƙura ya zauna cikin likkafani, ya juyo yana kallonta, bakinsa a buɗe. Bashir ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta cire kaske ta miƙo mini, ta gyara kallabi, ta ce wa Bashir ya nemo mata takalmanta, rana ta yi zafi. Ba ta sake duban inda yake ba har aka kai ta mota.

Ni kuma na'urata ba ta tsaya ba, don mai sauti ba ya kashewa da an ce kupe, sai ya ƙara ɗan lokaci. Da yamma a zauren maigari ina duba aikin ranar na tarar da muryar ta fito tas. Na kira Madam na sa mata a kunne. Ta saurara, ta sake saurara. Na san abin da ke ranta, don ni ma shi ke raina: da an ɗora wannan murya a ƙarshen fim, ba mai fita daga kallo da busasshen ido. Ta cire kaske ta ce, "Malam Lawali, wannan ba namu ba ne. Ka ba mai shi, ka goge a wurinmu."

Na zuba wa Haruna a wayarsa. Ya tafi bayan zaure shi kaɗai, ya jima. Da ya dawo ya zauna kusa da ni ya ce, "Baba Lawali, na haura shekara talatin a duniya, ban taɓa sanin yadda sunana yake a bakinta ba." Na ce to yanzu ka sani, tashi ka taya ni naɗe wayoyi. Ni ma idona ya cika, ba na so ya gani.

Shi ya sa idan na ji ana cewa mun yi fim da kuɗi kaɗan, nakan ce gaskiya ne, amma ba da kaɗan muka yi shi ba. Mutanen da ba su san mu ba sun yar da aikinsu sun raka gawar da ba tasu ba, sun yafe mana, sun dawo sun sake ɗauka. Tsohuwa ta ba mu aron ɗanta ta zauna tana jin numfashinsa ya tsaya, ta yi shiru don kar ta ɓata mana aiki. Har gobe ina gode musu, kuma ban ga ranar da zan gama ba. Ku da za ku riƙe mikro bayana, ku sani za ku shiga gidajen mutane, za ku ji abin da ba don ku aka faɗa ba. Wani na fim ne, ku ɗauka ku gyara shi da kyau. Wani kuwa, ko ya fi duk abin da kuka ɗauka daɗi, ku mayar wa mai shi.